Ɗan ware a adabin Amurka: idan ya juya wa jama'a baya, wa ke kwana ciki?

A shekarar 1831 wani matashin alƙali Bafaranshe mai suna Alexis de Tocqueville ya sauka Amurka domin ya duba tsarin gidajen yarin ƙasar, sai hankalinsa ya fi karkata ga halin mutanenta. A kashi na biyu na littafinsa kan dimokuraɗiyyar Amurka, wanda ya fito a 1840, ya bayyana wata ɗabi'a da ya ga tana yaɗuwa, wato mutum ya ja iyalinsa da 'yan abokansa su koma gefe, ya bar sauran al'umma ta ji da kanta. Ya bambanta wannan da son kai na haɗama, domin mai yin sa yana yi ne cikin natsuwa, yana ganin ya yi daidai, amma ya ji tsoron cewa a son kan zai ƙare. Shekara guda bayan haka Ralph Waldo Emerson, wanda ya ajiye limancin coci a Boston tun 1832, ya fitar da maƙalarsa Self-Reliance yana wa'azi da abin da baƙon ke tsoro. A wurin Emerson al'umma kamfani ce da masu hannun jarinta suka sallama 'yancinsu domin a tabbatar musu da abinci, kuma duk mai son cika mutum sai ya ƙi bin ayari. Har cewa ya yi yana jin ciwon dalar da yake bai wa talakawan da ba nasa ba ne.

Galibi idan aka zo batun adabin Amurka sai a ɗauka cewa ɓangaren Emerson ne ya yi nasara, tunda littattafan cike suke da mutanen da suka bar gida, suka shiga daji, suka hau teku, ko suka bi titi ba tare da waiwaye ba. Wanda ya karanta su a tsanake zai ga ba haka abin yake ba. Manyan marubutan ƙasar sun so ɗan ware, sun ƙawata shi, amma da wuya su sallame shi ba tare da sun yi lissafin ɓarnar da tafiyarsa ta jawo ba, kuma a mafi yawan lokuta asarar ba a kansa kaɗai take sauka ba.

Aƙidar ba daga sama ta faɗo ba. Kiristocin Furotesta da suka kafa garuruwan arewa maso gabas sun zo da koyarwar cewa kowane mutum zai karanta littafinsa da kansa ya tsaya gaban Ubangijinsa shi kaɗai. Baƙin haure kuma kowannensu ya riga ya yanke wata igiya kafin ya tsallako teku. Sai kuma ƙasa, wadda ita ce babbar: dokar 1862 ta bai wa wanda ya zauna ya noma fili har shekara biyar eka 160, saboda haka wanda zama da mutane ya ishe shi yana da inda zai nufa. Filin da ake kira fayau kuwa yana da masu shi, domin dokar 1830 ce ta ba da damar kwashe ƙabilun asali daga gabashin kogin Mississippi zuwa yamma. Tun daga tushe ke nan, wani ne aka tasa domin ɗan ware ya sami wurin kaɗaita.

Henry David Thoreau shi ne ya gwada wa'azin Emerson a aikace. Ranar 4 ga Yuli 1845 ya tare a wani ɗakin katako mai tsawon ƙafa 15 da faɗin ƙafa 10 da ya gina a bakin tafkin Walden, kusa da garin Concord a jihar Massachusetts, ya zauna shekara biyu da wata biyu yana noman wake yana rubutu. A littafinsa Walden na 1854 ya kawo lissafin ginin dalla-dalla, dala 28 da 'yan sulalla. Sai dai shi kansa bai ɓoye yadda ginin ya tashi ba: da gatarin aro ya sare itatuwan, katakan kuma ya saye su ne daga bukkar wani leburan jirgin ƙasa ɗan Ayalan, ranar da za a ɗaga ginshiƙai kuma abokai ne suka zo suka kama masa. Filin na Emerson ne. Garin bai kai mil biyu ba, yana shiga a kai a kai ya ji labarai ya gaida danginsa. Masu suka sun daɗe suna yi masa ba'a da wannan, amma ina ganin ba'ar ta wuce gona da iri, domin bai taɓa cewa ya rabu da mutane ba, ya ma faɗa cewa kujera uku ce a ɗakinsa, ɗaya ta kaɗaici, ta biyu ta aboki, ta uku ta jama'a. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne cewa janyewarsa mai araha ce saboda ƙofar komawa a buɗe take. A watan Yuli 1846 ya shiga gari karɓar takalmi wurin mai gyara, aka kama shi saboda ya ƙi biyan haraji ga gwamnatin da ke kare bauta kuma take yaƙi da Meksiko. Kwana ɗaya ya yi a kurkuku, wani ya biya masa ba da saninsa ba. Maƙalar da ya rubuta kan wannan a 1849 ta kai hannun Gandhi da Martin Luther King, waɗanda suka mayar da bijirewar mutum guda ta zama ta dubban mutane. Amfanin zaman Walden ya bayyana ne bayan mai shi ya dawo cikin jama'a da abin da ya samo.

Martani mafi kaifi ya fito ne daga maƙwabta. Nathaniel Hawthorne ya zauna a Concord ɗin, ya san Emerson da Thoreau ido da ido, Herman Melville kuma ga Hawthorne ya sadaukar da Moby-Dick a 1851. Kyaftin Ahab na wannan littafi shi ne mutumin Emerson idan aka bi shi har ƙarshe: ba ya jin maganar kowa, ba ya yarda da wata doka sama da abin da zuciyarsa ta ƙudurta. Wani shirgegen farin kifi, cikin manyan kifayen tekun nan da ake farauta saboda man jikinsu, ya cire masa ƙafa, sai ya mayar da tafiyar kasuwanci ta zama ta ramuwar gayya. Domin a gane girman laifinsa sai an san yadda sana'ar take. Ma'aikatan irin wannan jirgi ba albashi ake ba su ba, kaso ake yanka wa kowa daga ribar man da aka tara, har Ishmael mai ba da labarin an rubuta masa kashi ɗaya cikin 300, kuma a cikin masu jari a jirgin Pequod akwai zawarawa da marayu na tsibirin Nantucket. Duk ranar da Ahab ya ɓata yana bin kifi guda, abincin waɗannan yake ƙonawa. Mataimakinsa Starbuck ya tuna masa haka, ya tuna masa da matarsa da ƙaramin ɗansa da ke gida, Ahab ya amsa da bakinsa cewa cikin shekara arba'in na farauta bai cika uku a tudu ba, ya zubar da hawaye, sannan ya ci gaba da abin da ya sa gaba.

Inda Melville ya yanke masa hukunci shi ne haɗuwarsa da jirgin Rachel. Kyaftin ɗin wancan jirgi, ɗan garinsu, ya hau ya roƙi Ahab ya ba shi aron jirginsa na awa 48 su nemi wani ƙaramin kwalekwale da ya ɓace ɗauke da ɗansa mai shekara 12. Ahab ya ƙi, ya ce lokaci yana ƙure masa. Bayan 'yan kwanaki kifin ya farfasa Pequod, mutanen jirgin kusan talatin suka nutse, Ishmael kaɗai ya tsira, a kan akwatin gawar da abokinsa Queequeg ya sa aka ƙera masa lokacin da yake jinya, kuma Rachel ɗin da aka ƙi taimaka wa, tana kan neman ɗanta, ita ta tsamo shi. Tun kafin nan Melville ya nuna Ishmael ɗaure da igiya ɗaya da Queequeg yayin da shi Queequeg ke tsaye a kan gawar kifi yana aiki, yadda idan ɗaya ya zame dole ɗayan ya bi shi, Ishmael kuma ya ce kowane ɗan Adam a irin wannan igiya yake, ko ya sani ko bai sani ba. Bayan shekara biyu Melville ya sake gwada batun ta wata fuska a gajeren labarin Bartleby, mai kwafar takardu a ofishin wani lauya a Wall Street, wanda duk abin da aka ce ya yi sai ya amsa cikin ladabi cewa ya fi son kada ya yi, har ya ƙi aiki, ya ƙi barin ofis, ya ƙi abinci, ya mutu a kurkuku. Bai cuci kowa ba, kuma lauyan da ya kasa cetonsa shi aka bari da damuwar.

Duk da haka ba za a ce marubutan nan suna kira a miƙa wuya ga al'umma ba, domin al'ummar da suka sani tana sayar da mutane a kasuwa. Wannan ne ya sa Adventures of Huckleberry Finn na Mark Twain, wanda ya fito a Amurka a 1885, ya fi sauran wuyar sha'ani. Huck yaro ne da ya gudu daga uba mashayi, ya haɗu da Jim, bawan da ya tsere, suka bi kogin Mississippi a kan gungumen katako da aka ɗaɗɗaure. Duk tarbiyyar da garinsu ya ba Huck, ta coci da ta makaranta, ta gaya masa cewa taimakon bawa ya gudu sata ce mai kai mutum wuta. Da aka sayar da Jim a kan dala 40, Huck ya zauna ya rubuta wasiƙar da za ta mayar da shi ga uwargijiyarsa, ya ji zuciyarsa ta yi sanyi, sai ya tuna darare da Jim ya yi masa gadi domin ya yi barci, ya yayyage takardar ya ce to, ya yarda ya shiga wutar. Ya yi daidai alhali yana ganin zunubi ya aikata, kuma abin da ya raba shi da dokar gari shi ne amanar da ke tsakaninsa da mutum guda.

Sai dai su biyun ba gudu iri ɗaya suke yi ba. Huck yana gudun takurar gida ne, yana da dala 6,000 a ajiye wurin alƙali, duk ranar da ya ga dama zai koma. Jim kuwa burinsa ya isa jihar da babu bauta, ya yi aiki ya fanshi matarsa da 'ya'yansa biyu, wato gudunsa na neman haɗa iyali ne, kuma a ƙarshe ya fito daga maɓoyarsa ya taya likita jinyar Tom Sawyer, abokin Huck, yana sane cewa kama shi za a yi. Littafin ya ƙare da Huck yana shirin tsallakewa zuwa yankin yamma kafin a sake yunƙurin wayar da shi, kuma wannan yanki shi ne inda aka jibge ƙabilun da dokar 1830 ta kora.

Ga mace lissafin daban yake, domin ba ta da dajin da za ta shiga. Hester Prynne ta The Scarlet Letter, wanda Hawthorne ya fitar a 1850, ba ita ta zaɓi warewa ba, mahukuntan Boston na shekarun 1640 ne suka tsayar da ita a bainar jama'a da jaririyarta, suka liƙa mata jan harafi a ƙirji saboda ta haihu ba da mijinta ba. Ta koma wani ɗan gida a gefen gari tana cin abinci da aikin allura. Hawthorne ya ce kaɗaicin ya ba ta 'yancin tunanin da matan garin ba su da shi, kuma ya ƙeƙasar da wani abu a cikinta. Ba ta bar jinyar marasa lafiya da taimakon matalauta ba har mutane suka fara ganin harafin da idon girmamawa, yayin da limamin da ya yi mata cikin, wanda ya ci gaba da zama cikin jama'a da sirrinsa, ya fi ta kaɗaici nesa ba kusa ba. Edna Pontellier ta The Awakening, littafin Kate Chopin na 1899, ita da kanta ta zaɓa. Matar attajiri ce a New Orleans mai 'ya'ya maza biyu, ta daina zaman karɓar baƙi da al'ada ta ɗora mata, ta bar katafaren gidan mijinta ta kama ƙarami a bayan layi, tana zane tana sayarwa. Ta taɓa cewa za ta ba da ranta domin 'ya'yanta amma ba za ta ba da kanta ba. Da ƙawarta, a kan gadon haihuwa, ta ce mata ta tuna da yaran, sai ta ga babu wata hanyar zama yadda take so da ba za ta bar musu abin kunya ba, ta koma tsibirin Grand Isle ta shiga teku ba ta fito ba. Masu sharhi na lokacin sun yi wa littafin ca, Chopin kuma ba ta sake fitar da wani dogon labari ba har ta rasu a 1904. Thoreau ya yi kwana ɗaya a kurkuku, Edna kuwa ranta ta bayar, alhali abin da suka nema bai bambanta sosai ba.

A ƙarni na 20 ɗan ware ya sami mota da kuɗi, amma lissafin bai sauya ba. James Gatz na The Great Gatsby, 1925, ya yar da sunan iyayensa manoma tun yana ɗan shekara 17 ya ƙirƙiri kansa sabo da sunan Jay Gatsby, ɗaruruwa suka ci suka sha a gidansa, ranar jana'izarsa kuwa in ban da mahaifinsa da maƙwabcinsa Nick da 'yan hidima, baƙo guda ne ya zo. Dean Moriarty na On the Road, 1957, wanda samari da yawa suka ɗauka gwarzo, ya bar mata da 'ya'ya a garuruwa daban-daban, ya kuma bar amininsa kwance da zazzaɓi a birnin Meksiko. Wadda ta ƙi yin wannan lissafi ita ce Ayn Rand. A The Fountainhead na 1943 mai zanen gine-gine Howard Roark ya tarwatsa rukunin gidajen talakawa da nakiya saboda an sauya masa zane, kotu ta wanke shi, ya ƙare da ɗaukaka. Littafin ya sayu ƙwarai, ya yi tasiri a siyasa, amma a ganina rauninsa a nan yake: mutanen da za su zauna a gidajen ba su da fuska ko suna a cikinsa, saboda haka babu wanda zai kawo ƙara.

Labari yakan fita daga takarda ya shiga rayuwa. Christopher McCandless ya gama jami'ar Emory a 1990, ya bayar da kusan dala 24,000 na ajiyarsa ga ƙungiyar Oxfam, ya yanke hulɗa da iyayensa, a watan Afrilu 1992 ya shiga dajin Alaska da 'yar shinkafa da bindiga da littattafai. Yana cikin masu ƙaunar Thoreau da Jack London, shi London ɗin da a 1908 ya rubuta labarin mutumin da ya raina gargaɗin wani dattijo cewa ba a tafiya a tsananin sanyin Yukon ba abokin tafiya, ya daskare a hanya. McCandless ya yi niyyar fitowa a watan Yuli, ya tarar kogin Teklanika ya cika ya tare hanya, ya koma tsohuwar bas ɗin da yake kwana a ciki, yunwa ta kashe shi a watan Agusta yana da shekara 24. Jon Krakauer, wanda ya bi sawunsa a Into the Wild na 1996, ya ba iyayensa da ƙanwarsa fili mai yawa a littafin, mutanen da suka shekara biyu ba su san inda yake ba.

Marubuta baƙaƙen fata sun shigo muhawarar ta wata ƙofa, domin wanda aka hana shiga ba za a ce ya juya baya ba. Mai ba da labari a Invisible Man na Ralph Ellison, 1952, ba shi da suna. Ya yi biyayya a kwaleji aka kore shi, ya yi biyayya a masana'anta, ya yi wa wata ƙungiyar siyasa a Harlem hidima ta yi amfani da shi ta yar, kowa yana ganin abin da yake so ya gani a jikinsa ban da shi kansa. Ya ƙare a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa da aka manta da shi, ya kunna ƙwan lantarki 1,369 da wutar da yake sata daga kamfani. Nan ne Walden ɗinsa, kuma bai ɗauke shi mazauni ba, domin a shafukan ƙarshe ya yanke shawarar fitowa, yana ganin ko wanda ba a gani yana da hakkin jama'a a wuyansa.

Toni Morrison, wadda ta karɓi kyautar Nobel a 1993, ita ta juya tambayar ta fuskanci al'umma kanta. A Song of Solomon na 1977 akwai kakan da aka ce ya tashi sama ya koma Afirka ya tsere wa bauta, tattaɓa-kunnensa yana alfahari da shi, sai Morrison ta tuna wa mai karatu cewa ya bar mata da ta zauce da kuka da 'ya'ya 21 a gona. A Sula na 1973 kuma ta kawo macen da ta yi abin da maza ke yi a littattafan da suka gabata: ta bar unguwarsu ta baƙaƙe a jihar Ohio shekara goma, ta dawo ba aure ba haihuwa, ta kai kakarta gidan tsofaffi, ta kwana da mijin aminiyarta Nel. Unguwa ta yi mata tambarin mayya, ta mutu a 1940 ita kaɗai a ɗaki. Abin da Morrison ta lura da shi shi ne cewa muddin Sula na raye, matan unguwar sun riƙe mazansu da kyau, sun kula da tsofaffinsu, uwar da ke dukan ɗanta ta daina, duk domin su nuna cewa su ba irinta ba ne. Da ta mutu suka yi murna, sannan kowa ya koma halinsa na da, surukai suka koma ƙorafin tsofaffi, uwar nan ta koma duka. Nel kuwa sai bayan shekara 25 ta gane cewa duk tsawon lokacin da take zaton kewar mijinta take yi, kewar Sula ce.